Taubashin Alƙahira

Kwananmu tara a Alƙahira kafin mu samu ganin likita, kuma a cikin kwana taran nan sau uku muka nemi masauki.

Ni da Ummaru ne, taubashina. Uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito. Shi manomin albasa ne a Giyawa, bai taɓa wuce Kaduna ba, ita ma ciwon ido ne ya kai shi. Ni kuwa a kan hanya na cinye ƙuruciyata. Na yi fataucin albasa zuwa Kumasi da Abijan, na yi shekara shida a Sabha, na zauna Umdurman, na yi dako a Jidda, sannan na dawo Goronyo na zauna. Ina jin Fillanci da Larabci da Faransanci, Turancina kuwa na tasha ne. Shi ya sa 'ya'yan Ummaru suka ce ni zan raka shi. Idonsa na hagu ya riga ya mutu. Na dama yana ganin mutum kamar inuwa a bayan labule, kuma likitocin gida sun ce wata fata ce a can bayan idon take ɓanɓarowa, in ba a manne ta da wuri ba shi ma zai tafi.

Tun muna yara muke gardamar wane ne bawan wani tsakanina da shi, har muka yi furfura ba wanda ya raba mu. Muna sauka daga jirgi ya tsaya ya gyara hula ya ce, "Bawa, ɗauki jikka ka yi gaba." Na ce, "Ni da niɗ ɗauko ka kamar buhun gero? Riƙe rigata dai kar ka ɓace in huta."

Masauki na farko ta waya muka shirya da matar gidan, Larabcina ya yi mata daɗi. Da ta buɗe ƙofa ta gan mu, sai ɗakin ya zama an riga an kama shi. Muna juyawa na ji tana gaya wa maƙwabciyarta cewa ba ta san irin waɗannan ba ne. Na biyu wani kurkuku ne a ƙarƙashin matakala. Kwana huɗu muka yi aka kore mu, wai daddawar da matar Ummaru ta ƙunso mana tana hana mutane numfashi. A titi yara kan biyo mu suna kiran sunan wata alawa baƙa, manya kuma su yi kamar ba su ji ba. Ummaru ya tambaye ni mi suke faɗi, na ce gaisuwa ce. Ni duk wannan ba sabo ba ne a wurina. A Abijan an zage ni don ni baƙo ne, a Sabha an zage ni don ni baƙi ne, kuma na daɗe da koyon haɗiye duka biyun in ci gaba da abin da ya kawo ni.

A gida na uku muka samu Ammu Idris, maigadin benen. Dattijo ne daga kudancin ƙasar, mutumin Nuba, baƙi wuluk kamar mu. Shi ya yi wa mai gidan magana aka ba mu ɗaki. Kullum shi ke kama hannun Ummaru ya hau da shi bene yana ƙirga masa matakala, ya kawo mana shayi da na'ana'a, har ya koyi cewa "sannu" yana ta maimaita ta ko ba dalili.

Likitar da ta duba Ummaru mace ce, ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce aikin na babban likita ne, kuma layinsa ya cika sai nan da mako bakwai. Na ce idon zai jira? Ta dube ni ta ce kowane mako yana tafiya da rabonsa.

A barandar asibitin nan Lawal ya same mu. Sakkwatancinmu ya ji ya tsaya. Mutumin Rabah ne, ya zo karatu shekara ashirin da suka wuce bai gama ba, ya koma kai marasa lafiya asibitoci. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe mu, ya tambayi ruwan madatsa, ya lissafo mana dillalan tafarnuwa na kasuwar Wurno ɗaya bayan ɗaya. Ummaru ya riƙe hannunsa ya ƙi saki, don rabonsa da jin bakin gida in ba nawa ba tun filin jirgi.

Bayan kwana biyu ya turo mini saƙo a waya. Ya rubuta cewa wani gidan talabijin yana haɗa shirin azumi, suna neman baƙi dattawa guda biyu, kuma suna da wani asibitin ido na kuɗi, duk wanda ya fito a shirin za a yi masa aiki cikin mako. Ni da na karanta, baƙin da suka zo daga nesa na ɗauka, masu neman a karrama su. Baƙi na nesa da baƙi na launin fata, rubutun ɗaya ne. Lawal ya san wanda yake nufi.

Ba zan ce ban samu gargaɗi ba. Da na faɗa wa Ammu Idris sunan shirin, sai ya ajiye butar shayi. Can ya ce, "Ya hajji, ni dai in lokacin wannan shirin ya yi, aiken jikokina nake yi sayen burodi." Na fahimce shi sarai. Na hau bene na tarar da Ummaru yana shafa rigarsa ta Sallah, fara, wadda matar Ammu Idris ta goge masa, yana cewa ashe har talabijin zai shiga kafin ya mutu. Na tuna maganar likita. Ban gaya masa gargaɗin ba.

Da hantsi mota ta zo ta kai mu wani ƙaton zaure a bayan gari. A tsakiyarsa sun kafa bukkar roba, da itatuwan roba, da wata ƙatuwar tukunya wadda mutum zai iya zama a ciki, da biri na tsumma a rataye. Na kwana a bukkokin Fulani da na Buzaye da na mutanen kurmi, ban taɓa ganin mai kama da wannan ba, ba ta kowa ba ce. Wata mata ta zo da wani ƙyalle mai zanen damisa da duwatsun wuya ta ce mu tuɓe. Na ce ba za mu tuɓe ba. Lawal ya fara roƙo, sai mai shirya wasan ya matso ya leƙa fuskar Ummaru, ya bi tsagensa na Gobirawa da ido kamar mai taya akuya, ya ce a bar shi da rigarsa, fuskar ta isa.

Aka zaunar da mu a kan kututture. A gabanmu bencina ne cike da samari da 'yan mata suna cin burodi, da wani mutum tsaye wanda in ya ɗaga hannu su yi dariya, in ya sauke su daina.

Sai mai barkwancin ya shigo. Na san fuskarsa, tana kan allunan tallar shayi a duk titin birnin, fari ne sol. Yau an shafe shi da baƙin mai har wuya, an manta bayan kunnuwa. An zagaye masa baki da jan kwalli, an ɗora masa gashin soso, yana tafe yana karkace ƙafafu yana susar hammata. Ya buɗe baki yana wani karyayyen Larabci, wai shi na mutanen Sudan. Na zauna da malamai a Umdurman waɗanda da sun ji shi da sun mayar da shi ajin farko. Mai ɗaga hannu ya ɗaga, zaure ya ɗauka.

"Garba, mi suka ma dariya?"

"Murna suka yi da zowarka."

Mutumin ya zo ya rungumi Ummaru ta kafaɗa, ya juya ga jama'a ya ce ga ɗan kawunsa, yau da safe ya sauko daga bisa itace.

"Mi yac ce?"

Na yanke maganar biyu na ba shi rabin da zai haɗiyu. "Ya ce kai ɗan kawunai na."

Ban san abin da na yi ba sai da na ga fuskar Ummaru ta washe. Tun da muka baro gida ban ga haƙoransa haka ba.

"Ɗan kawu? Ashe taubashi na! Shi yas sa nika jin shi da rawar kai. To madalla, zo nan, ja'iri."

Mai barkwanci ya ga tsoho na dariya, ya ƙara ƙaimi. Ya zagaya shi yana shinshina, ya nuna tukunya, ya kira shi da kalmar da ake kiran irinmu da ita daga Sabha har Jidda. Ya ce, "Ya abd." Wannan kam ba sai na fassara ba. Duk wanda ya riƙe allo ya san abdu bawa ne.

Ummaru ya buga cinya. "Ka ji ɗan banza, har ya riga ni! Garba, hwaɗa mai kakana yas sayi kakanai kasuwar Wurno, ranar da kasuwa ta hwaɗi, har anka yi mai gyara da tahwarnuwa. Hwaɗa mai ya zo ya ɗauki takalmana. Hwaɗa mai mana!"

Ban fassara ba. Ya zungure ni da gwiwar hannu, na ƙi.

"Kai dai ragon bawa na. Bari in hwaɗa mai da kaina."

Ya miƙe tsaye da farar rigarsa, ya ɗaga murya yadda yake yi mini a bakin kasuwa, yana dariya har da tari. "La! Anta abdi! Anta abdi, ya walad!" Ya miƙa hannu zai ja masa kunne, kamar yadda yake jan nawa shekara sittin. Da yake ba ya gani, tafin hannunsa ya sauka a kan kumatun mutumin ya shafo.

Mai ɗaga hannu yana nan hannunsa a sama, amma ba wanda ya yi dariya. Wata yarinya ce kaɗai ta ƙyalƙyale, ta kama bakinta. Mai barkwanci ya doke hannun Ummaru ya ja da baya. Karyayyen Larabcin nan ya ɓace, na gidansu ya fito tas. Ya ce wa ya kawo wannan ƙazamin tsoho? Shi za a kira bawa? A gaban mutane? Ya yi ihu a kawo masa ruwa. Ina kallo aka kawo, ya sa tsumma yana dirje daidai wurin da hannun Ummaru ya taɓa. Fuskarsa duk tana ɗauke da baƙin mai tun safe bai dame shi ba, wurin nan kaɗai ne ya ga datti.

Ummaru yana tsaye yana murza yatsunsa. Ya kai su hanci.

"Garba. Man takalmi nika ji."

Na ce ya zauna.

"Ba ni zama. Mi na na ga huskatai?"

Na gaya masa. Na gaya masa baƙin mai da jan baki da gashin soso, da bukka da tukunya da biri, da ragowar maganar da na yanke, ta bisa itace. Har abin da yara ke kira a titi na gaya masa, tunda na fara. Yana ji yana goge hannunsa a gaban rigarsa, bai san yana ɓata ta ba.

Mai shirya wasan ya zo da murmushi, yana ta ya hajji, ya hajji. Ya ce rashin fahimta ne, su mutane ne masu son raha, ba wanda ake nufi da sharri. Za a sake daga farko. Abin da ake so kaɗan ne, tsoho ya zauna ya yi dariya, kada ya yi magana, in an buga ganga ya tashi ya ɗan taka, minti goma an gama. Ranar Alhamis a yi masa aiki. Lawal ya zube a gaban Ummaru ya kama ƙafarsa. "Baba, don girman Allah. Idonka hwa. Wa za ya gani can gida? Kowa haka shika yi nan, ni kaina na yi."

Wannan karon kalma da kalma na fassara, ban rage ko ɗaya ba, har Alhamis ɗin.

Ni a raina ina roƙon Ummaru ya ce to, kuma ina jin ƙyamar kaina da roƙon.

"Tambaye shi, wasa na?"

Na tambaya. "Ya ce wasa na."

"To hwaɗa mai na yarda. Ya kira ni bawa, ni kira shi bawa, ya amsa gaban mutanen ga, yadda aka yin wasa. In ya amsa sau guda, ni yi mai rawa har la'asar. Ko tukunyar ya so in shiga."

Mai shirya wasan ya ɗaga gira, na ga abin ya ɗan burge shi. Ya tafi wurin mai barkwanci, muna hango su. Bai gama magana ba mutumin ya yi jifa da kofin ruwa. Ya dawo yana buɗe hannuwa. Ya ce ba zai yiwu ba, wannan mutum ne mai daraja, yana da iyali, jama'a ba za su karɓa ba.

Na fassara. Ummaru ya gyaɗa kai.

"To ba wasa ba na. Kama hannuna, Garba."

Motar da ta kawo mu ba ta mayar da mu ba. A ƙafa muka taka cikin rana har babban titi, ina jan sa. A ƙaramar bas ɗin da muka samu wata mata mai kwandon kayan miya ta tashi ta ba shi wurinta. Ta ga hannunsa, ta ciro hankici ta jiƙa da ruwan gorarta, ta miƙo mini ta ce in goge wa ɗan'uwana. Ba ta tambayi mene ne ba. Ammu Idris ma bai tambaya ba. Ya dubi rigar, ya dube ni, ya kama hannun Ummaru suka hau, yau ba ƙirga. Lawal kuwa daga ranar wayarsa ba ta ƙara shiga ba.

Muka koma layin mako bakwai. Azumi ya same mu a can. Da magariba duk birnin sai ƙamshin abinci da fitilu, mu kuma mu jiƙa burodi a miyar wake, Ummaru yana ba ni labarin kunun tsamiyar gidansa da yadda fadama ke wari in an yi ban ruwa da yamma. Kowace safiya nakan tsaya a bakin taga in ɗaga hannu in ce nawa? Makon farko yana cewa uku, ko huɗu, yakan dace. A na huɗu ya ce yana ganin wani abu na motsi. A na shida ya ce in daina.

Cikin azumin nan na shiga kantin magani in sayo masa na ɗigawa, sai na ji muryarsa a sama da kaina. Talabijin ce. Sun sa shirin. Sun ɗauki na farkon, sun yanke daidai inda ya miƙe. Ga Ummaru yana washe baki yana buga cinya, ga wancan yana shinshina shi, ga ni a gefe ina gyaɗa kai ina murmushi. Ban san na yi murmushi ba sai ranar. Mutanen kantin suna ta dariya. Wani mai kiba ya dube ni ya dubi talabijin, ya gane ni, ya zo da wayarsa yana roƙon mu ɗauki hoto tare, wai 'ya'yansa za su ji daɗi. Na fita ban karɓi maganin ba.

An yi aikin ranar da aka ce. Babban likita ya yi iya yinsa, ba ni da abin cewa a kansa. Da aka kwance bandeji likitar nan mace ta haska fitila, Ummaru ya ce ya ga haske. Ta ɗaga yatsu, bai gani ba. Ta fito da ni waje ta ce da an yi makonni biyar da suka wuce, da wata magana ake yi. Abin da ya samu shi ne yana raba dare da rana, kuma in mutum ya sa farin kaya ya tsaya kusa yakan san akwai mutum.

Bana da aka cire albasa na hau babur na je Giyawa. Na same shi a ƙarƙashin rumfa, an zube masa tsibi a gaba, yana ɗauka ɗai-ɗai yana latsa wuyanta da babban yatsa, mai ƙarfi ya jefa dama, mai taushi hagu. Ya fi masu ido sauri. Muka gaisa, na zauna ina taya shi. Ba mu taɓa tayar da maganar Alƙahira ba tun da muka dawo, sai ranar.

"Wasu ranakku nikan ce da na yi masu rawag ga," in ji shi. "Minti goma hwa yac ce. Jikanyata da anka haihwa da kaka, ban san kamanninta ba, sai dai in shahwa."

Ya juyo da fuskarsa wajena.

"Kai ka ga wurin da idonka, ka ji abin da sunka ce da kunnenka. Hwaɗa min gaskiya, kar ka rage min komi. Da kai na, da ka yi?"

Na tuna Sabha da Jidda, da duk wuraren da aka kira ni da sunan nan na amsa don a sallame ni in wuce. Na ce masa, "Da na yi, Ummaru. Da tun ba su buga gangar ba na tashi."

Ya riƙe wata albasa a hannu ya daɗe yana juya ta. Sannan ya jefa ta hagu, ya ce in matso masa da kwandon.